Da Baki Ake Amsawa

Ƙanwata Ginka tun tana ƙarama ba ta bin hanyar da mutane suka bi. In an ce a tafi gona ta kan gada, ita sai ta ratsa rafi ta iso da jiƙaƙƙen siket. Babarmu takan ce girma zai gyara ta, amma hali zanen dutse ne. Da ta girma ta tafi Sifaniya aikin jinyar tsofaffi, ta daɗe, ta dawo ƙauyenmu na kan tudu a nan Bulgariya da 'ya ɗaya mai suna Bistra, da wata irin tarbiyya da ba mu taɓa gani ba.

Ba ta duka, ba ta tsawa. Yarinya ta fita da jiƙaƙƙen gashi, ta zauna tsakanin taga biyu a buɗe iska na ratsa ta, abin da kowa ya san shi ke kwantar da mutum, uwar ko a jikinta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tambaya. Komai sai an tambayi Bistra: miyar wake ko ƙwai, wace riga, yanzu za a kwanta ko an jima. Na ce mata icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta ce ita ba icce ta haifa ba.

Ni Tsonka, ni ce mai dafa abinci a makarantar ƙauyen tun kafin a haifi Bistra. A nan aka koya wa babanmu karatu, a nan aka koya mana. Yara sun ƙare, matasa duk sun watse ƙasashen waje, har hukuma ta ce in ba a samu ko ɗalibi ɗaya sabo a ajin farko ba, za a rufe makarantar a riƙa kwasar ragowar yaran a bas zuwa birni. A duk ƙauyen kuwa yarinya ɗaya ce ta isa shiga aji, ita ce Bistra.

Kowace uwa da ta kama hannun 'yarta ta kai, magana ta ƙare. Ginka ta ce a'a, Bistra ce za ta zaɓa. Ta kai ta birni ta ga makaranta mai bene, ta kawo ta tamu ta ga murhun icce da tsohuwar bishiyar da ke tsakar fili, ta ce ta yi tunani. 'Yar da ko igiyar takalminta ba ta iya ɗaurewa ba, ita aka ɗora wa makarantar gari guda.

Shugabar makaranta, Malama Todora, ta ɗauki girmanta ta zo gidan da kanta, ni na raka ta da farantin banitsa mai zafi, wato gurasarmu ta gargajiya, cuku na naso a jiki. Muna zama Ginka ta miƙe ta ce za ta je lambu, wai kada yarinya ta kalli fuskarta ta faɗi abin da take so a ji. Na harare ta, ta yi kunnen uwar shegu ta fice.

Malama Todora ta sunkuya ta ce, "Bistra, 'yata, za ki zo makarantarmu?"

Yarinya bakinta cike da banitsa, ta gyaɗa kai sama da ƙasa, da ƙarfi, har tana murmushi.

A wurinmu, kamar yadda kowane mai hankali ke yi, wanda ya gyaɗa kai ya ce a'a ke nan. Mai cewa eh gefe da gefe yake kaɗa kai. Malama ta sake tambaya ko ta tabbata, yarinya ta ƙara gyaɗawa. Baiwar Allah ta ɗauki jakarta, ta fita ba ta ko taɓa kofinta ba. Washegari ta sanar da hukuma cewa ba a samu ɗalibi ba.

Ni ko lambun ban leƙa ba. Na daina yi wa Ginka magana, gari ma ya daina. Ita kuwa ta saba da shariyar mutane, sai ta ɗauka irin tamu ce ta kullum. Ta tambayi 'yarta, 'yar ta ce ta zaɓi ta gida, shi ke nan ta ci gaba da tsinkar tumatirinta hankali kwance.

Ranar buɗe makarantu da safe ina tsaye a taga na ga Ginka ta zuba ruwa a bakin ƙofa, yadda ake yi wa yaro don karatu ya tafi masa sumul. Bistra ta taka ta wuce da farar riga da damin furanni na malama. Sai na ga ba su nufi wurin bas ba, sun hau tudu. Na yafa mayafi na bi su. Na same su a ƙofar makaranta, ƙaton kwaɗo na rataye.

Bistra ta juyo ta ce wa uwarta, "Inna, yaushe za a buɗe? Ai na ce eh."

Ashe mutanen Sifaniya nasu a juye yake, gyaɗa kai shi ne eh, kuma a cikinsu yarinyar ta tashi. Raina ya ɓaci. Na ce wa Ginka da ta zauna a ɗakin ta buɗe baki kamar sauran iyaye, da yanzu tukunyata na kan wuta.

Ta ce, "Yaya, ku biyu manya kuna zaune, ba wadda ta ce mata ta faɗa da baki?"

Na ce mu ba mu saba tambayar yara ba, balle mu san yadda ake yi. Mun je birni ni da ita da Malama Todora, mun yi bayani, ma'aikacin ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce bakin alƙalami ya bushe, an riga an raba malamai.

Ginka ba ta sauya ba, har yau tana tambayar 'yarta ƙwai ko wake. Ni kuma na rasa wanda zan dafa wa, sai nake kai wa Bistra ƙunshin banitsa wurin bas kowace safiya. Daga nan ana hango rufin makarantar, kullum sai ta ɗaga ido ta kalla. Jiya bayan ta zauna na tambaye ta ta taga ko tana jin daɗin makarantar birnin. Ta motsa kai. Na buga gilashin na ce da baki ake amsawa, amma bas ta riga ta tashi.