Minti Goma Sha Biyar da Aka Sace wa Babana

Shekara talatin Baba yana kiran salla a masallacin unguwarmu a Gwarzo, da idonsa yake duba rana. Ni na ɓata shi. Da na samu aiki a wata cibiyar koyar da kwamfuta, sai na cika masa kunne cewa agogon sabarmu, babbar kwamfutar da sauran ke karɓar lokaci a wurinta, ba ya ƙarya. Kullum da yamma nake saita agogon hannunsa da nata.

A shekarun farkon Shari'a ne, ga wahalar mai, motar Kabo ta ƙarshe ba ta jiran kowa. Abokin aikina mutumin Kabo ne, mai shegen murmushi. Ashe tura agogon saba gaba yake yi da minti goma sha biyar don a tashi da wuri ya samu mota, da safe ya mayar.

Wani azumi hadari ya rufe yamma. Baba ya dubi hannunsa ya kira magariba. Mutane sun kai dabino baki, an sha kunu, sai ga rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare, jawur. Unguwa guda ta rama azumi. Bayan kwana biyu aka miƙa lasifika ga wani. Baba ya cire agogon ya ajiye a kan taga. Da ma ya mare ni.

Da na tambayi na Kabo, cewa ya yi, "Malam, inji ai inji ne." Yana murmushi. A nan na ƙullace shi.

Sati guda ina bin takardun intanet har na koyi yadda saba ke tambayar lokaci daga agogunan nesa ta daidaita kanta. Na sa ta riƙa tambaya a kai a kai, ta kuma rubuta duk wanda ya taɓa agogonta da lokacin da ya taɓa. Ban gaya wa kowa ba. Ina kallonsa ya tura, agogo ya dawo, ya sake turawa yana gumi. Sau uku motar Kabo ta bar shi, ni kuwa har ƙarin tuwo na yi.

Da shafi ya cika na buga biyu, ɗaya ga mai cibiya, ɗaya ga liman. Aka sallami na Kabo daga aiki, ban ji tausayinsa ko na ƙwayar zarra ba.

Liman ya zo har zaure da lasifika don ya mayar wa Baba. Baba ya girgiza kai. "Ladanin da ya bar rana ya dubi hannunsa, ai ya gama, Malam."

Har ya rasu bai sake kiran salla ba. Mutumin nan kuwa yana nan a kasuwar Kabo yana sayar da taki. Duk ranar da na gan shi sai na tsaya, mu gaisa sosai, in tambayi iyali, sannan in ce ya taimaka mini da ƙarfe nawa.