Kan da Mairam ba ta taɓa kitsawa ba

A Kanya Babba, in ka ga mace da shuku ya zauna daram, tsaga miƙe kamar an ja da zare, ba sai ka tambaya ba, hannun Mairam ne. Kakanta Babarbare ne, fataucin kanwa ya kawo shi, ya ga ƙasar noma ya ƙi komawa. Barbarcin bai iso gare ta ba sai na gaisuwa, amma kitso ta gada wurin uwarta, tun tana 'yar shekara tara take murɗe kan ƙawayenta har su yi hawaye. Yanzu ta ba arba'in baya. Mijinta Mamuda yana awon hatsi a kasuwar Babura, ita kuwa kullum da hantsi tana kan kujera 'yar tsugunno a gindin darbejiya, kibiya a hannu, kan wata a cinya.

Ba kitso kaɗai ke kawo matan ba. Wadda ta ba ki baya ba ta ganin idonki, nan da nan bakinta ke sakewa. Mairam ta ji na miji, ta ji na suruka, ta ji abin da ko liman bai ji ba, kuma ba a taɓa tsintar maganar a wani gida ba.

Kai ɗaya ne a garin bai taɓa hawa cinyarta ba: na Sa'adiyya, 'yarta ta fari. Tun yaye aka miƙa yarinyar ɗakin Adda, uwar Mamuda. Saboda alkunyar 'yar fari Mairam ba ta kiran sunanta, sai "ke" ko "waccan", yarinyar kuma Yaya take ce mata. Mutane na yabawa, wai Mairam akwai kunya. Ni ma ban ga laifinta ba, haka aka rene ta.

Da daminar bara Adda ta rasu, Sa'adiyya na da shekara sha shida. Aka share makoki, kowa ya koma harkarsa, ban da ita. Ta daina zuwa makaranta, ta daina cin abin kirki, sai ta wuni kwance fuska ga bango, gashinta ya cukurkuɗe. An yi tofi, an sha rubutu. Mairam na kallonta tana ramewa, tsoro ya cika ta, amma iyakarta ta aje kwano bakin ƙofa ta juya. Da abin ya kai wata uku, Mamuda ya ɗebe su zuwa asibiti a Kazaure.

Likita ya ce ciwon damuwa ne, yana kama matasa, kuma yana jin magani. Wata nas mai suna Veronica, 'yar Filato da ta daɗe a garin, ta keɓe da yarinyar, sannan ta leƙo ta ce, "Maman Sa'adiyya, bismillah."

Mairam ta waiga ko da wata ake.

Veronica ta yi murmushi. "Na san alkunya, Mama, shekarata sha biyu a nan. Za ta sha ƙwaya, za ku riƙa dawowa muna ganinta. Amma ta ce tun da kakarta ta rasu ba wanda ya tambaye ta yadda take ji. Wannan ba aikinmu ba ne, naki ne."

Mairam ta gwada, Allah ya sani. Sau uku tana tsayawa bakin ƙofa, abin da ke fita kawai shi ne, "Ke, kin sha maganin?" Matar da ta saurari rabin gari ta kasa buɗe baki ga yarinya ɗaya. Abin ya ba ta haushi ƙwarai.

Ran Juma'a ta sallami masu jira, ta ɗaure fuska ta ce, "Ke, zo nan. Wannan kan abin kunya ne a gidan mai kitso."

Sa'adiyya ta zauna ta ba ta baya. Tsifa kaɗai ta ci awa guda. Da Mairam ta lakato man kaɗanya ta fara tsaga, sai ta ji kanta tana cewa, "Ranar da aka kawo ni gidan nan, Adda ce ta kwana rarrashina. Ni ma ina kewarta."

Kafaɗun yarinyar suka fara rawa. Can ta ce, "Yaya, na ɗauka ba kya sona."

Maganar ta soki Mairam. "Tsai da kan da kyau," ta ce. Sai da ta kai ƙarshen layin ta ƙara, "Wa ya gaya miki? Cikin wa kika kwana wata tara?"

Bayan kwana huɗu ta ce wai layi ɗaya ya karkace, ta tsefe kan duka ta sake. Ƙarya ce, a rayuwarta ba ta taɓa karkata layi ba. Maƙwabta suka sa ta gaba da tsiya, wai kan Sa'adiyya zai ƙare kafin ta yi aure. Ta bar su suna yi.

Yanzu yarinyar ta koma makaranta, ta ciko, tana zuwa asibiti duk wata. Ba a ce ta warke sarai ba, akwai ranakun da abin ke dawowa. A irin ranakun sai ta tsefe kanta da kanta ta zo ta tsaya gindin darbejiya.

Haka ta yi shekaranjiya, Mairam na tsakiyar yi wa matar liman kalaba. Mairam ta dube ta, ta zare kibiya.

"Haba Mairam, da rabin kai za ki bar ni?" in ji matar liman.

"Ki yi haƙuri, Hajiya, ɗaura ɗankwali ki dawo gobe," Mairam ta ce, a gaban mata biyar. "'Yata ce ke jira."