Gizagon Tsohon Panyu

Muna idar da sallar asuba muka fito daga masaukinmu na Dengfeng, a unguwar Xiaobei, ni da abokina mutumin zangon Kumasi, wanda ke loda mini kaya a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Baje kolin Pazhou ya tafi hutun 'yan kwanaki, zaman ɗaki kuma ya ishe mu. Shi ya kawo shawarar mu je wani ƙauye a gefen Panyu, inda kawun direbansu ke sassaƙa jiragen ruwa na katako, irin dogayen nan masu kan dodo da ake tsere da su.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka hau, kuɗinsa bai kai na shayi da burodi a Xiaobei ba. Daga tashar ƙarshe muka ɗauki tasi. Dogayen benaye suka yi ta raguwa, gonakin ayaba da ƙananan magudanan ruwa suka maye gurbinsu, iska ta fara kawo ƙarnin kifi. Duk tsawon hanyar nan ban bar abokina ya huta ba. Na gaya masa ni ɗan Yawuri ne, mahaifina masassaƙin jirgi ne, a cikin ɓawon maɗaci na yi rarrafe. Abin da ban faɗa ba shi ne rabona da riƙe gizago tun ina shekara goma sha biyu.

Wajen aikin wata doguwar rumfa ce ta kwano a bakin ruwa. Ƙamshin ɗanyen katako da mai ya tare mu tun daga ƙofa, sai da na tsaya cak, don ƙamshin gidanmu ne. A ciki ga jirage uku a kan gammo, kowanne ya fi tirela biyu tsawo. Ɗaya baƙi ƙirin ne, laka ba ta gama bushewa a jikinsa ba. Abokina, da yake yana jin yarensu, ya fassara mini cewa a cikin laka suke binne shi bayan tsere don kada ya tsage, kuma ya girmi tsohon da zai gyara shi, wato kawun direban. Mutanen ƙauyen da suka kawo shi suna tsaye a kansa kamar masu jinyar uba.

Nan zuciyata ta fara sosuwa. Mu jirgi in ya tsufa, murhu ne makomarsa.

Tsohon ɗan firit ne, hannuwansa duk kanta. 'Yarsa, mace mai kimanin shekara arba'in, ita ke awo tana ja masa layi da zare mai tawada. Ba sa magana. Ya miƙa hannu, ta sa masa abin da yake so. Na daɗe ina kallonsu, kuma ba kallon sha'awa kaɗai nake yi ba.

Abokina ne ya jawo mini. Ya nuna ni ya yi wa tsohon bayani, sai na ga tsohon ya washe baki ya miƙo mini gizagonsa, ya nuna wani guntun katako. Na naɗe hannun riga na kai sara. Na farko ya zame. Na biyu ya nutse ya ɓantaro tsoka guda. Tsohon ya ce, "Meyo, meyo," yana dariya, wato babu. Sai abokina ya karɓa. Ashe kafin ya shiga harkar kwantena ya yi shekara bakwai yana kafinta. Ya fere katakon nan sumul, ɓawon na fita yana naɗewa. Tsohon ya dafa kafaɗarsa, ya kira shi lawban, wato maigida, ya zuba masa shayi a ɗan mitsitsin kofi. Ni 'yar ce ta tuna da ni daga baya.

Da rana aka kawo shinkafa da kifin da aka turara da citta, saboda mu ba a sa komai na nama ba. Kifin ya yi daɗi.

Na tashi na koma wajen baƙin jirgin, ina bin jikinsa ina ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, yadda na ga ana yi a gida. Can wajen gindi sautin ya mutu, ya koma kamar an bugi jiƙaƙƙen buhu. Na kira abokina na ce ya gaya musu wannan allon ya ruɓe ta ciki. Ya faɗa. Tsohon ya zo ya soka ƙarfe, ƙarfen ya shige kamar cikin tuwo. Ya ɗago, ya ɗaga babban yatsa, ya nuna wa abokina.

A tasi, da muka hau gada, abokina ya juyo ya dube ni.

"Alaji, wallahi na gaya masa kai ne ka gano," in ji shi.

"Na ji," na ce. Ban ji ba, don ba na jin yaren, kuma har yau ban san gaskiyar ba.

Sai da muka fito a Xiaobei, muka shiga hayaniyar masu canji da masu waya, na yarda da abin da ke cina. Abokina bai ƙwace mini komai ba. Matar nan nake kishi, wadda ta zauna kusa da ubanta har ta san abin da hannunsa ke nema.

Ina shiga ɗaki na kira yayana a Yawuri. Shi ya riƙe rumfar Baba, ni kuma shekara biyar ke nan ina matsa masa ya rufe ta, in buɗe masa shagon waya. Na ce, "Yaya, in na dawo za ka koya mini sara?"

Ina jin bugun guduma a bayansa. Sannan ya ce, "Alhaji guda? Ka zo. Amma daga share ɓawo za ka fara, kamar kowa."

Na ce na yarda. Tafiyar ta nuna mini cewa shekara talatin ina alfahari da sana'ar da hannuna bai sani ba, kuma mai koya mini ita yana nan da rai, ni ne nake ta ƙoƙarin raba shi da ita.