'Yan Kunnen da Suka Yi Azumi

Kwanan baya na sa aka sauya mini kwaɗon ɗakin ajiya. Mai gyaran ya miƙo mini makulli sabo fil, rawaya, yana ta ƙyalli. Na damƙe shi muna magana a cikin rana har tafin hannuna ya yi gumi, da na ɗaga hannu zan gyara mayafi sai wani ɗan ƙarni ya bugi hancina. In ka taɓa riƙe tagulla da jiƙaƙƙen hannu ka san warin da nake nufi. Nan take hankalina ya bar inda nake ya koma garinmu Kaikai, na gan ni ina 'yar shekara goma, tsugune a bayan rumbu da toka a hannu.

A shekarun nan ne kuɗi suka fara yawa a hannun mutane. Ba a daɗe da barin fam da sule aka koma naira ba. 'Yan garinmu masu aiki a Kaduna da Kano sai su dawo da rediyo da keke, matansu kuwa su shigo gidan biki wuya da kunne suna walƙiya. Mu gidanmu gidan karatu ne da noma. Baba yana koyar da yaran unguwa da safe, sannan ya saɓi fartanya. Inna ba ta da abin ado sai awarwaron azurfa guda biyu da duwatsun tsakiyar da ta zo da su gidan aure. Ban taɓa jin ta ce tana son wani abu ba. Amma Baba yana da ido, ko da yake ba ya nunawa.

Azumin wannan shekara ya faɗo a ƙarshen damina. Ruwa ya ɗauke, an fara yankan gero, zafi kuma ya sauko irin mai sa riga ta manne a baya. Baba yana da wani bijimi da ya ba amininsa Bafulatani kiwo a ruga tun yana maraƙi. Ana saura kwana goma Sallah ya karɓo shi ya kai kasuwar Kankiya ya sayar. Ya yi mana ɗinki, ya sayo shinkafa da man gyaɗa, sauran duka ya zuba a kan abu ɗaya. Da ya dawo da la'asar bai iya miƙa wa Inna hannu da hannu ba. Ni ya kira ya ce, “Kai wa innarki, ki ce ta ajiye.” Ya juya ya fita zaure da sauri kamar wanda ya yi laifi.

Ƙaramin akwati ne mai jan ƙyalle a ciki. Sarƙa ce mai kauri da 'yan kunne manya masu lilo, kowanne da 'yan ganyayyaki suna rawa. Inna ta daɗe tana kallo. Sai na ga ta kai gefen zane ido. Ta rufe, ta sa a cikin babbar kwalla ta can ƙasan jere, ta ce ba mai taɓawa sai ranar Idi. Ko Kaka, mahaifiyar Baba, da ɗakinta ke kallon namu, ba a nuna wa ba. Inna tana jin nauyin surukarta, tana ganin rashin kunya ne ta je ta ce ga abin da ɗanki ya saya mini.

Ni kuwa na kasa haƙuri. A kwanakin nan Inna kan shiga maƙwabta da hantsi, suna taya juna aikin dubulan da nakiyar Sallah. Tana fita sai in sauke kwanonin nan ɗaya bayan ɗaya, in saka 'yan kunnen, in zura sarƙar cikin riga, in ja kallabi in rufe kunnuwa. Da su nake surfe, da su nake shara, ina jin suna kaɗawa a gefen wuyana, ni a dole matar ma'aikaci. Kafin azahar in mayar. Kwana uku ina haka.

A rana ta uku kunnena ya fara ƙaiƙayi. Na duba madubin Inna, sai ga wani kore-kore a bakin hujin, ga kuma wani zagaye a wuya. Na ciro kayan na ga inda suke gugar fata ya dushe. Na ce to, dauɗar jikina ce ta ɓata su, bari in wanke kafin a gani. Na ɗebi toka, na yanki lemon tsami, yadda muke wanke faranti, na zagaya bayan rumbu na shiga dirza. Ina dirza ina duba, abu yana ƙara lalacewa. Rawayan nan ya bi toka ya tafi, wani jan ƙarfe mai duhu ya fito. Ɗan kunne ɗaya ya zama rabi gwal rabi abin da ban san sunansa ba.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ba tsoron duka nake ji ba. Bijimin nake tunawa, da fuskar Baba lokacin da ya miƙo mini akwatin. A ganina ni na kankare gwal ɗin Inna da hannuna, na zubar da shi a toka. Har tattara tokar na yi cikin kallabi ko za a iya tace shi.

Wurin Kaka na nufa, don ita ce mafakata. Na same ta a inuwar ɗaki tana kaɗi, na zube gabanta ina kuka, na buɗe hannu. Ta ajiye mazari, ta ɗauki ɗan kunnen, ta jinjina shi a tafin hannu sau biyu. Ta murza shi da yatsa, ta kai hanci. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Dariya take yi, har da hawaye.

“Mi kika ƙulle a kallabi?”

Na ce, “Gwal ɗin ne da ya fita.”

Ta ƙara tuntsirewa. Da ta lafa ta ce, “Share hawayenki, ɗiyar nan. Gwal ba ya fita. Ko shekara kika yi kina dirza shi, cikinshi da wajenshi ɗaya ne. Wannan tagulla ce aka yi wa wanka da ruwan gwal. An cuci ubanki.”

A ranar na san cewa mahaifin Kaka maƙerin farfaru ne a birnin Katsina, masu ƙera azurfa da zinariya, kuma tana yarinya ita ke kai masa abinci maƙera ta zauna tana kallo. Ta jawo wani tsohon lefe, ta kwance tsumma ta fito da wani baƙin dutse mai santsi, bai fi ƙwan kaza ba. Ta cire zoben da ke yatsarta, wanda ni da ma na ɗauka ba komai ba ne don ba ya ƙyalli, ta goga a dutsen. Ya bar layi rawaya. Ta ƙara gogawa da ƙarfi a wuri ɗaya, layin bai sauya ba. Ta goga ɗan kunnen Inna: layin ya fara da rawaya, kafin ya kai ƙarshe ya koma ja. Ta ɗora mini zoben a hannun dama, ɗan kunnen a hagu. Zoben bai kai rabin girmansa ba, amma shi ya fi danna hannu. Ta sa na murza kowanne na sansana. Zoben ba ya warin komai.

Da Inna ta dawo, Kaka ta kira ta ta nuna mata. Inna ta zauna, ta ce a hankali, “Don Allah kada Malam ya ji. Ba ku ga yadda ya yi murna ba. Zan sa su haka, in rufe da gyale.”

Kaka ta ce, “Bijimi guda za ki rufe da gyale?”

Baba ɗan fari ne a wurin Kaka, ba ta kama sunansa, ba ta kuma doguwar magana da shi. Ranar kasuwa, ana jibi Sallah, ta aika masa cewa za ta Kankiya sayen lalle da turare, kuma da ni za ta. Muka shiga a-kori-kura tare da masu tallar nono da wani mutum mai zabbi a kwando. Tsohuwa tana azumi, rana tana dukanta, amma ko a jikinta.

Mai kayan bai yi wuyar samu ba, sunan shagonsa na nan a murfin akwatin, kuma ba shago ba ne, tebur ne da akwatin gilashi kusa da inda motoci ke tsayawa. Mata sun kewaye shi. Saurayi ne mai fara'a, da agogo da hular zamani. Kaka ta kutsa ta zauna a bencinsa ba tare da an ce ta zauna ba, ta ce a ba ta sarƙa mafi kyau.

“Ga ta, Hajiya, daga Makka ta zo.”

“Ta riga ni ke nan, ni ban je ba tukuna,” in ji Kaka. Ta fito da dutsenta, ta goga bayan maƙalin sarƙar a nitse, ta ɗaga dutsen yadda matan nan za su gani. Ta karɓi ta biyu, haka. Wata mata da ta riga ta kwance bakin zane za ta biya ta mayar ta ƙulle. Sannan Kaka ta buɗe akwatinmu ta ajiye masa a kan gilashi.

Fara'ar nan ta gudu. Ya ce, “Iya, ai na faɗa mashi ruwan gwal ne.”

“To. Kuɗin ruwa ka karɓa ko kuɗin gwal?”

Matan suka kwashe da dariya. Ya duba hagu ya duba dama, ya rage murya ya ce don Allah a yi magana a hankali, wata ne mai alfarma. Kaka ta ce ita ma abin da ya sa ba ta fara ta wurin sarkin kasuwa ba ke nan. Kuɗin ya riga ya zuba su a kaya, amma ya sa hannu can cikin aljihun 'yar ciki ya fito da wani ƙulli. Ashe yana da na gaske, waɗanda yake ajiye wa masu ido. Kaka ta gwada uku, sannan ta tura mini dutsen ta ce, “Ke kika gano, ke za ki zaɓa.” Na goga, na ƙara gogawa, na jinjina, na sansana, mata suna kallona. Na zaɓi wasu 'yan kunne ƙanana masu kamar furen gauta. Sarƙa kam babu, kuɗin bijimin bai kai nan ba. Kaka ta sa ya ɗora mana kwalbar turare a kai, ta ce ladan hawan mota ne.

Ranar Sallah Inna ta yi kwalliya, ta saka su. Da Baba ya dawo daga Idi ya shigo gaishe da Kaka, Inna ta kawo masa tuwo ta durƙusa. Ya saci kallon kunnenta, ya kau da kai, ya sake kallo. Abin ya ci shi har ya kasa shiru. Ya ce, kamar da bango yake magana, “Ikon Allah. Na ga kamar sun rage girma.”

Kaka, ita ma tana kallon wani wuri, ta ce, “Azumi suka yi.”

Inna ta toshe baki da gyale ta ruga ɗaki. Ni na faɗi a tabarma. Baba ya yi ta kallonmu ɗaya bayan ɗaya, sai Kaka ta ce in ba shi labari, tunda ni na fara. Na faɗa masa duka, har da tokar da na ƙulle. Na ga kunya ta rufe shi, ya sunkuyar da kai yana shafa gemu. Can sai shi ma ya fashe da dariya, ya ce shi dai ya san tawada mai kyau ko daga nesa, amma daga yau ya bar wa mata sayen gwal. Satar saka kayan Inna kuwa ba a yafe mini haka kawai ba, sai da na yi mako ina wanke kwanonin jere.

Inna ta shekara bakwai tana saka 'yan kunnen nan. Da na sami shiga makarantar horon malamai ta kwana, aka rasa abin yi mini sayayya, ta cire su da kanta ta ba Baba ya sayar. Su suka zama akwatin ƙarfena da katifa da takalmi, har da canji.

Yanzu abin ya sauya. Jikokina suna sayen mai ruwan gwal da saninsu, kowace atamfa da nata, in ya dushe su yar, ba wanda ya cuci wani. Masu shagon gwal kuma suna da sikeli mai lamba da takardar shaida. Ban ce ba ci gaba ba ne. Amma a azumin bara babban ɗana ya kira ni daga wani shago a Kano, ya juya wayar yana nuna mini sarƙoƙi jere cikin fitila, wai in zaɓa wa matarsa ta Sallah, in kuma gaya masa ko ta gaske ce. Duk sun yi kyau, duk suna walƙiya. Na ce masa waya tana kawo hoto, amma ba ta kawo nauyi, ya ajiye wa mutane kayansu. Washegari da hantsi sai ga motarsa a ƙofar gida, ya zo ɗaukata.