Na Shiga Layin Mai Alhali Da Mai A Motata

Assalamu alaikum Edita, da ku da duk mai karanta wannan shafi. Na daɗe ina juya maganar nan a cikina, yau dai na ce bari in sauke ta a wurinku, ko wani ya tsinci abin da zai amfane shi. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba.

Lokacin da abin ya faru ni direban taksi ne a Gaya, ina da mata da yara biyu. Jigilata daga kasuwa zuwa bakin kogi ce, inda masu ƙetarowa daga Malanbil suke sauka da kayansu, ranar kasuwar ƙauye kuma in fita bayan gari. Motar tsohuwa ce, ƙofar baya sai an lallashe ta take buɗewa, amma a ƙauyenmu da ke bayan Bengu ita ce motar gari. In naƙuda ta yi gardama ni ake kira, in za a kai amarya ni ne. Babana manomin shinkafa ne, mutum marar yawan magana, sai dai a kan motar nan bakinsa ba ya shiru. Ko baƙo ya yi, kafin a kawo ruwa ya riga ya gaya masa ɗansa na da mota a Gaya. Ina kuma da wani hali irin namu na direbobi, wanda a lokacin ban ɗauke shi a bakin komai ba. In fasinja ya kira ni ina tsakar cin tuwo, sai in ce masa ga ni nan a kan hanya. In motata ba kowa a ciki, sai in ce saura mutum ɗaya mu tashi. Duk tasha haka muke, har ba'a muke wa juna da shi, don mun yarda in ka faɗi gaskiya wani ne zai ɗauke maka fasinja.

Mu mutanen bakin iyaka ba mu taso da zuwa gidan mai ba. Esansinmu, wato fetur, a kwalba yake, a bakin hanya, wurin 'yan ruwa-ruwa masu shigo da shi daga Najeriya. Ka tsaya, a juye maka kwalba biyu, ka wuce. Da man can ya yi tsada sai kwalaben nan suka fara raguwa, har aka wayi gari teburan ba komai sai mazurari. Duk garin ya koma gidajen mai, su kuma ba su saba da ciyar da gari guda ba. Daga nan sai tsoro ya shiga mutane. Wanda motarsa ke cike ya zo da bido, wato jarka, wanda ba shi da ko keke shi ma ya zo da bido. Matar aure ta sayi lita ta ɓoye a ƙarƙashin gado, ba ta san ma abin da za ta yi da shi ba. Mu da cinmu ke cikin tanki, mu abin ya fi bugawa. Ka kwana biyu a layi don ka yi aikin yini guda, fasinja kuma ya zage ka don ka ƙara kuɗi. Na koma mutumin da ba ya kallon hanya kamar yadda yake kallon allurar mai. Ko barci nake, allurar nan nake gani tana sauka.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, yayata ta kira ni daga ƙauye. Ita ce ke kula da Baba tun rasuwar innarmu. Ta ce ƙabar Baba ta tashi tun asuba, wannan karon kuma ta ƙi komawa, yana ta amai, ko zama ba ya iyawa. Ta ce mai ba da magani na ƙauye ya duba shi ya ce wannan ba nasa ba ne, a kai shi likita a Gaya yau ɗin nan, aiki za a yi masa. Na ce mata ta shirya shi, ga ni nan. Kuma wallahi wannan karon ba ƙarya na yi ba. Na sauke fasinjan da ke ciki, na juya kan mota. Allurata ta ɗan haura kwata, mai da zai kai ni ƙauye ya dawo da ni har da saura. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, don a nan duk baƙin cikina yake. Ina da mai.

Ina gab da fita gari sai na ga mutane na gudu da bido wajen wani gidan mai da ya daɗe a rufe. Wani ɗan kabu-kabu ya ɗaga min murya ya ce siterni, babbar motar dakon mai, ta baro Doso tun safe, nan za ta sauke. Layin a lokacin gajere ne, ana hango famfo. Sai zuciya ta fara yi min lissafi. In na je na dawo tanki ya kusa ƙarewa, gobe da me zan yi zirga-zirgar likita da farmasi, da me yara za su ci? Ga layi bai yi tsawo ba, in na bar shi yanzu sai an yi sati ban ga irinsa ba. Na ce wa kaina ai don Baba ma zan sha man. Haka na karya sitiyari na shiga, ina cewa kafin a yi kiran azahar na fita.

Wanda bai taɓa shiga layin mai na wancan lokaci ba ba zai gane ba. Kafin in gama gyara tsayuwa motoci sun rufe ni ta baya. Wani sahu ya tashi a hagu, wani ya ƙara tashi a bayansa, a damana kuma lambatu ne mai zurfi. Babura suka cike duk wata kafa, aka ɗaura bido-bido a igiya aka shimfiɗa a tsakani. Mutane da yawa da sun kafa motarsu sai su kulle su tafi gida, don sun san abin da ni na ƙi sani. Ni kuwa na zauna a kan bonet ina sauraren labarin siterni. Kowa na da ɗan'uwan da ya gan ta da idonsa. Wannan ya ce ta wuce gari kaza, wancan ya ce taya ce ta fashe mata, ana canzawa.

Wajen azahar yayata ta sake kira. Ta ce wata motar masu sayen shinkafa ta gama lodi a ƙauyen za ta shigo Gaya, direban ya yarda a shimfiɗa wa Baba tabarma a kan buhuna. Ta tambaye ni ko su sa shi, ko na kusa. Daidai lokacin wani ya yi ihu a gaban layi cewa ga ta nan ta shigo gari, mutane suka miƙe ana ta tafi. Edita, a nan bakina ya yi abin da ya saba. Na ce mata kada su kuskura su ɗora Baba a kan buhu kamar kaya, na riga na fito, na kusa Bengu. Ban yi tunani ba ma, maganar ta fita ne kamar yadda take fita in fasinja ya kira. Daga baya ta gaya min da ta faɗa wa Baba, duk da halin da yake ciki sai da ya yi murmushi, ya ce a sallami mai shinkafa da godiya, shi motar ɗansa zai jira. Motar da aka yi wa tafi kuwa ta gazuwal ce, man manyan motoci, ta wuce mu ko tsayawa ba ta yi ba.

Daga nan na fara bin motocin da ke bayana ɗaya bayan ɗaya ina neman masu su. Wannan an ce ya tafi masallaci, wancan an ce malamin lakwal ne ya koma aji, wani ba wanda ya san ko na wane ne. Waɗanda na samu kuma suka ce ko sun so matsawa ina za su matsa, kuma wa zai mayar musu da wurinsu. Ban ga laifinsu ba, da ni ne ma abin da zan faɗa ke nan. Ina cikin wannan yawo yayata ta kira na uku. Ta ji hayaniya da ƙarar bido a wayar, sai ta haɗa ni da Allah in gaya mata inda nake. Na gaya mata. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba, kashe wayar kawai ta yi.

Wani dattijon direba, ɗaya daga cikin manyanmu na tasha, shi ya gan ni ina zagaye mota ina hawaye. Da na ba shi labari sai ya tambaye ni ko da mai a tankin. Na ce akwai. Ya dube ni kallon da har yau ban manta ba, ya ce to mota ce ta maƙale, ba man ba. Ya ce tasa na can tasha a ajiye ba ko ɗigo, in zuƙo nawa mu zuba mata. Abin da ya kamata in yi tun azahar ke nan, amma kaina ya cika da siterni, ban ga wata hanya ba. Na sa tiyo a baki na zuƙo har na haɗiyi wani, muka cika bido, muka yi gudu zuwa tasha. Ana sallame la'asar muka bar gari, shi ke tuƙi.

Mun wuce Bengu da kaɗan muka hango amalanken shanu a gabanmu. Na gane shanun, na kawuna ne. Na gane yayata ma tana tafiya a ƙasa a bayansa. Sai dai bayan amalanken muke gani. Ba Gaya ya nufa ba, ƙauye yake komawa. Ashe da ta kashe wayar ta ruga wurin kawu aka ɗaura shanu, suka ɗauko Baba, sun yi nisa kaɗan rai ya yi halinsa, suka juya. Na sauka na faɗi a gefen amalanken, na yaye zanen da aka rufe shi da shi. An sa masa rigarsa ta Juma'a, don ya ce ba zai shiga motar ɗansa da kayan gona ba. Na roƙi kawu ya bari a mayar da shi cikin mota mu ƙarasa da shi gida. Ya ce in bar shi, ya riga ya kwanta. Haka na bi bayan shanu da ƙafa har gida, motar tana biye da mu a hankali ba kowa a kujerar baya. A hanya, yayata magana ɗaya ta yi min. Ta ce kwanakin nan ba a cika jin ƙarar mota a ƙauye ba, amma duk wadda Baba ya ji, ko ta babur ce, sai ya ce a leƙa ko ni ne.

Bayan sadakar uku na koma Gaya. Abokan aiki sun yi ta tura motata da hannu har ta kai famfo, suka haɗa kuɗi suka cika min tanki a matsayin gaisuwa. Allah ya saka musu. Na karɓi makulli na shiga na kunna, allura ta hau har ƙarshe, abin da na yi wata da watanni ina mafarkinsa. Na zauna ina kallonta ina kuka kamar ƙaramin yaro, don ba ni da inda nake son zuwa.

Na san ajali ba ya jira, malamai sun gaya min, ni ma na yarda. Wataƙila ko na kai shi da hantsi kwanansa ya ƙare. Amma wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, nawa kuma daban yake. Abin da na koya shi ne tsoron rashi ya fi rashin kansa ɓarna. Ya sa na raina abin da ke hannuna, wanda ya ishe ni, na tafi neman na gobe na bar na yau. Don haka 'yan'uwana direbobi, in wahalar nan ta sake dawowa, Allah ya kiyaye, in man da ke tankinka zai kai ka inda ake jiranka, ka tafi. Layi yana nan, wanda ke jira ne ba lallai ka tarar da shi ba. Kuma ku ji tsoron Allah da wannan bakin namu. In marar lafiya ke jiranka ka faɗi inda kake da gaskiya, ko da kunya, don su nemi wata hanya tun da sauran lokaci. Ku ma da ba ku da abin hawa, ku daina cika layi da bido don kun ga wasu na yi. Ba ku san motar wa kuka toshe ba.

Yayata ba ta taɓa tona ni ba, ko ga mijinta. Muna gaisawa, tana aiko wa yarana shinkafa in an yi girbi, amma ba ta ƙara kirana don wata buƙata ba. A ƙauye kuwa har yabona ake, ana cewa yaron nan ya yi iya ƙoƙarinsa, har aron mota ya yi. Duk sanda aka tuna rasuwar Baba sai a girgiza kai a ce rashin mai ne ya ja, Allah ya isa. Ni kuma sai in sunkuyar da kai in ce amin. Ni da yayata muna zaune a wurin, mun san akwai mai.