Godelieve da Kabad ɗin Ƙasan Bene

Shekara ashirin ana faɗa a Brussels cewa Godelieve Staelens ta sayar wa masu kamfanonin sukari daftarin kundin tsarin mulkin Tarayyar Turai. Ni kuwa ban cika yarda da zancen da kowa ya haddace ba. Da na ji za ta yi ritaya a watan gobe, kuma saboda wannan zargi ofis ya ƙi yi mata ko da walimar kofi, sai na ɗauki lemata na fita.

Aikinta ba na a-zo-a-gani ba ne. Ƙarfe bakwai tana ƙasan bene, a ɗakin buga takardu, tana jera daftari harshe-harshe kafin a kai wa wakilai.

Na sami Fernand, tsohon masinjan majalisar, a rumfar soyayyen dankali.

"Fernand, ganinta ka yi da masu sukari, ko ji?"

"Haba Madam, har yanzu ba ki daina bin ƙwaƙƙwafi ba? Na gan su. Su uku suka sauko da kwalin cakulan. Ta ce su bar shi a waje, injinta ba ya son maiƙo."

"To me ya jawo zancen?"

Ya goge baki. "Al'adar gidan, manyan ƙasashe su karɓi kwafinsu da ɗuminsa, ƙanana su jira fassara kwana biyu. Kafin su karanta an gama raba kujeru da tallafin noma. Ranar da babin ƙuri'u ya sauko, ta kulle duka a kabad sai kowane harshe ya iso. Wani jakada ya aiko sau huɗu, na biyar ya zo da kansa. Ta ce, 'Ranka ya daɗe, ko kowa, ko ba kowa.'"

Fernand da ƙarin gishiri, don haka na nemi wata tsohuwar mai fassara da ko gaisawa ba sa yi da Godelieve. Tana yatsina ta faɗi daidai abin da Fernand ya faɗa, ta ƙara da inda ta fara jin ƙazafin.

Godelieve, ke ce kika sa ƙananan ƙasashe suka shiga zauren nan sun karanta abin da za su sa wa hannu. Mun gode. Masu riƙe da mabuɗi a yau, ku yi koyi.

Ba ta sayar da komai ba. Ribar kwana biyu ta hana manya, kuma bayan mako guda zancen sukari ya fito daga ofishin jakadan nan.