Ajiyar Saje

Babanmu fatoma ne a Fagge. Fatake kan sauka gidansa da kayansu, ya ba su ɗaki da tuwo, ya nemo musu masu saye, in za su wuce wani gari su bar masa abin da bai ƙare ba. Kakanmu ne ya zo da sana'ar daga Barno, ya zo da ƙa'idarta: ba a kwance ajiyar baƙo, kuma ba a faɗa wa kowa sunan mai ita. Na ga dilar yadi ta shekara huɗu a ɗakin ajiyarmu, gara ta ci gindinta, Baba ya sa aka ɗora ta kan duwatsu, amma bai yarda an farke ɗinkin an duba abin da ya rage ba. A lokacin abin yana burge ni. Yanzu in na tuna, raina ne yake ɓaci.

Wanda ya ci mu da wannan ƙa'ida soja ne. Tun yana saurayi yake sauka gidanmu tare da fataken garinsu, ya ci tuwonmu ba adadi. Ya tafi yaƙin Bama a sojan Turawa, ya dawo da igiya uku a hannu, aka ba shi riƙon ɗakin makamai a bariki. Kowa Saje yake ce masa. In ya zo gaida Baba sai ya kwance takalmansa tun daga ƙofar zaure, ya durƙusa har ƙasa da kakinsa mai sitaci. Baba ya yi ta murmushi yana cewa bariki bai lalata wannan ba.

Ni a lokacin ina da mata da ɗa guda, ina gyaran keken ɗinki a Sabon Gari, a shagon wani Kirista mutumin kudancin Zazzau. Da aka yi faɗan nan tsakanin Fagge da Sabon Gari, shi ya kulle ni a shagonsa kwana biyu, matarsa na miƙo mini abinci ta taga. Bayan faɗan gari ya yi shiru, amma kowa ya san ba a huce ba. Manyan jam'iyyar masu sarauta suna ta cewa an shammace su, ba za a sake ba.

Wata rana bayan la'asar mota ta tsaya ƙofar gidanmu, Saje ya sauko da dila uku ɗinke cikin buhu.

"Baba, ajiya na kawo. Tsofaffin bargunan soja ne, gwanjo aka yi mana."

"Allah ya sa albarka," in ji Baba. "A shigar da su ciki."

Ƙarti huɗu suka kama dila ɗaya suna nishi. Na taso cikin dila, na san nauyin bargo. Wannan ya fi ƙarfin bargo. Da zafin bazara ya kankama sai na ga gefen buhu ɗaya ya jiƙe ya yi baƙi. Na shafa na sansana. Wanda ya wuni da man keke a hannu ba ya rasa gane man da ake shafa wa ƙarfe don kada ya yi tsatsa.

Na sami Baba a zaure na ce, "Baba, kayan Saje ba bargo ba ne. Ƙarfe ne, kuma an shafe shi da mai. Ka bar ni in farke gefe kaɗan mu gani."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

"Ya ce maka bargo ne ko bai ce ba?"

"Ya ce."

"To bargo ne har ranar da ya zo ya ɗauki abinsa. Gidan nan ba a taɓa sa wuƙa a ɗinkin baƙo ba, ba kuwa za a fara a kaina ba."

Wata biyu bayan haka aka ƙidaya makamai a bariki aka ga giɓi. Ban san wanda ya nuna gidanmu ba. Da hantsi 'yan doka suka zo da wani Baturen soja, suka fito da dilolin tsakar titi suka farke. Bargo na nan, gaskiyar Saje, amma kowane bargo an naɗe bindiga a cikinsa. Sai Baturen ya aika a kira mai riƙon ɗakin makamai ya tabbatar ko nasu ne. Saje ya zo, ya ƙame, ya ɗauki bindigogin ɗaya bayan ɗaya yana karanta lambar jikinsu da ƙarfi. Ya ce lallai nasu ne. Baba na zaune a kan buzunsa, tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Bai ko kalli inda Baba yake ba.

Aka tambayi Baba na wane ne. Ya ce na baƙo ne. Wane baƙo? Ya ce baƙonsa. Haka ya maimaita a gaban alƙali, kwana uku ana juya shi. Ni na ce zan faɗa. Na je inda aka tsare shi na gaya masa, ya kama wuyan hannuna ta tsakanin ƙarafa.

"Shi zai zo ya faɗa da bakinsa. Ka ba shi lokaci. In kai ka buɗe baki, ban yafe maka ba."

Na yi shiru, kuma har yau ina jin haushin shirun nan. Aka ɗaure Baba shekara uku, yana da shekara sittin da wani abu.

Saje bai zo ya faɗa ba. Soja suka sallame shi a asirce da takardar yabo, don su ma ba su son a tona. Jam'iyya ta ɗauke shi ya zama shugaban matasanta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wanda bai san na wane ne ba. A majalisun Fagge ana raɗa cewa Saje namiji ne, don kare mutanensa ya yi. Shi kuwa bai taɓa cewa e ba, bai taɓa cewa a'a ba, murmushi kawai yake yi yana gyara hula. Na tsaya a bayan taro na ji shi da lasifika yana wa'azin girmama iyaye da riƙon amana. Waɗanda suke tafa masa su ne suka daina sauke kayansu a gidanmu, wai gidan ya shiga bakin hukuma.

Ubangidana na Sabon Gari bai kore ni ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, yana goge wani keken ɗinki bai ɗago ba: "Malam, layinmu aka yi wa tanadin bindigogin nan?" Washegari na kasa hawa kekena in tsallaka Sabon Gari, ban kuma sake komawa ba.

Baba ya fito da ciwon ido wanda ya ƙare da makanta. Saje ya zo masa sannu sau ɗaya, da rago da babbar riga da jama'a a bayansa, domin a lokacin yana neman kujerar majalisa. Ya kwance takalma, ya durƙusa. Baba ya lalubi kansa ya sa masa albarka. Na fita daga zauren don kada in yi abin kunya.

Ranar zaɓe Baba ya ce in kai shi. A wancan zamani kowane ɗan takara da akwatinsa a bayan labule, mutum ya shiga ya jefa takardarsa a wanda yake so. Saboda idonsa malamin zaɓe ya bar ni na shiga da shi.

"Kai hannuna kan na Saje," in ji Baba a hankali.

"Baba, bayan duk abin da ya yi?"

"Abin da ya yi tsakaninsa da Allah ne. Ya ci tuwon gidana. Kai hannuna."

Na kama hannunsa, hannun da ya rame ya zama kamar kara, na kai shi kan akwatin abokin takarar Saje. Ya lalubi ramin, ya tura takardar, ya yi hamdala. Saje ya ci zaɓen duk da haka, da rata mai yawa.

A hanyar gida Baba na dafe da kafaɗata, yana tafiya a hankali. Ya ce ya san abin ya yi mini nauyi, ya san ba na son mutumin, amma na yi masa biyayya, kuma daga yau ko ya mutu bai da fargabar wanda zai bar wa gidan. Ya tsaya tsakiyar hanya ya ce Allah ya yi mini albarka. Na ce amin. Ya rasu da damina, ban gaya masa ba.